Mutumin da Ya Kwashe Duwatsun Jirgi

An yi wani mutum a tsibirin nan namu na Kalpeni. Ba zan kama suna ba. Girman kai ne ciwonsa.

Duk shekara jirgin ruwan surukinsa ke riga nasa isa Mangalor, birnin gaɓar Indiya da muke kai kaya, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya je wurin Baba Mutukoya masassaƙi, ya ce a yi masa sabon jirgi mai siririn ciki, a ƙara wa jigon filafili kamu huɗu.

Tsohon ya ce, "Ɗana, wannan ba zai so iska ba. Tun da ka nace, duwatsun da zan jera a ƙasansa, kada ka taɓa ko ɗaya."

Ya ce, "Baba, tsufa ya sa maka tsoro."

Ya 'yan'uwa, kun san kayanmu. Igiyar kwakwa ce, ga tuli ba nauyi. Dutsen ƙasa shi ke riƙe jirgi a tsaye. Wa bai san wannan ba?

Ranar tashi, kafin lodi, ya sa aka kwashe duwatsun aka watsa a ruwa, wai jirgi ya yi sauƙi. Matuƙinsa Attakoya ya ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, rayuka za ka ɗauka." Ya zage shi tas. Mata suka kawo igiyar da suka shekara suna murzawa har tafin hannu ya tsage, don a musanyo musu shinkafar damina. Aka lafta har sama.

Ko ɓace wa masu rakiya jirgin bai yi ba, iska ta bugi filafili. Ba guguwa ba ce fa, iskar kullum ce! Jirgi ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Mutum biyar suka nutse, har da Attakoya, matansu na gaɓa suna kallo. Shi kuwa mai jirgin aka tsamo shi da rai.

Damina ta rufe teku wata huɗu, gida talatin ba ƙwayar shinkafa. Da hannuna na binne yara bakwai da yunwa ta kashe. A kan me? Don a ce wane ya riga wane! Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Mutumin ya ƙara shekara ashirin a duniya, ba mai zama kusa da shi. Ranar da ya mutu na yi masa salla, mutum uku ne a bayana, biyu baƙi ne.

Wanda aka ba amanar rayuka ya raina maganar masu sani, hakkin kowa na wuyansa. Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.