Igiyar da Biri Ya Sayo wa Rijiyar Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Zaki ne ya ɗora Biri a kan sayayyar kayan gari, ya ce ya sayo igiyar guga ta shekara guda. Damina ta yi tsakiya, rijiya ta cika fal. Biri ya leƙa, ya auna, ya ga igiya gaba biyu ta isa a ɗebo ruwa.

Kunkuru mai kula da rijiya ya ce, "Malam Biri, zauna in gaya maka inda ruwan nan yake komawa da bazara."

Biri ya ce, "Kafin ka gama magana kasuwa ta watse!" Ya ruga aka yanko masa igiya ashirin, kowace gaba biyu.

Bazara ta zo, ruwa ya yi ƙasa. Tunkiya ta zura guga, guga yana ta lilo bai taɓa ruwa ba, 'ya'yanta na kukan ƙishirwa. Gari ya taru.

Zaki ya ce, "Wa ka tambaya kafin ka saya?"

Biri ya sunkuyar da kai. Kunkuru ya turo masa igiyoyin. Biri ya durƙusa a gaban kowa yana ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, Tunkiya na tsaye a kansa tana jira.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, a bakin rijiya ta ƙare.