Tufkar Kurege

Ga ta nan, ta doso ku.
Ta ƙaraso mu ji ta.

Kura da Kurege rijiya ɗaya suke ɗiba. Kurege ya tufke igiyoyi uku wuri guda, ya ɗaura ƙaton guga, nan da nan tulunsa ya cika. Kura na fama da igiyarta tilo, abin na cin ranta.

Kurege na juya baya, ta gatse ɗaya daga cikin igiyoyinsa uku. Ya zura, guga ya fito fal.

"Ba ta tsinke ba?" in ji Kura.

"Biyu na riƙe, Gwaggo."

Ta fizge gugan, ta ɗaura a tata. Igiya ta tsinke, Kura ta kai hannu za ta cafe, sai tsundum a rijiya.

Kurege ya zura mata tasa. "Kama, Gwaggo. Saura biyu, kada ki sa haƙori."

Ƙurunƙus, kan jiƙaƙƙiyar kura.