Kifayen Bature a hannun Hamman

Akwai wani mutum a Haɗejiya, zamanin Turawa, sunansa Hamman. Ɗan masunta ne, amma tun da ya samu aikin kuku a gidan wani Bature a bariki, ko ƙarnin kifi ya ji sai ya toshe hanci. Kai, Hamman yana ji da kansa!

Baturen yana da akwatin gilashi a falo, da kifaye bakwai 'yan mitsi-mitsi masu launi. Da zai tafi rangadi na wata biyu, ya ce, "In na tarar da su lafiya, aikinka na nan. In sun mutu, ka san sauran."

Aikin nan shi ke ciyar da matarsa Ma'u, ga ta da tsohon ciki, ɗakin da suke kwana ma na Baturen ne.

Hamman ya dage. Kullum ya zuba musu abinci har ya yi yawa, in ruwan ya ragu ya cika da sabo. Bai taɓa kwashe tsohon ba.

Ana nan sai kawunsa Umara, tsohon masunci, ya kawo tarwaɗa sayarwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon akwatin.

"Hamman, ruwan nan ya tsufa. Dubi yadda suka lafe, ba sa ko bin abinci. Kwashe kashi ɗaya cikin uku duk mako, ka zuba sabo."

"Haba Kawu! Ruwa garau haka?"

"Ba da ido ake gane shi ba, ɗana. In kogi ya janye ya bar kududdufi a fadama, kifin ciki a kashinsa yake kwana. Ƙari ba ya fitar da dauɗa."

Hamman ya yi dariya. "Wannan kifin Turawa ne, Kawu, ba irin naku ba."

Umara ya ɗauki kwandonsa ya fita.

Bayan mako uku biyu suka mutu. Hankalin Hamman ya tashi, amma girman kai ya hana shi neman kawunsa. Ya zubar da ruwan kakaf, ya cika da na rijiya mai sanyi. Kifayen da suka riga suka galabaita ba su jure canjin ba. Kafin la'asar sauran biyar sun juya ciki sama.

Ranar da Bature ya dawo, ranar Hamman da Ma'u suka fito da kayansu a ka. Wallahi abin da ban tausayi.

Washegari Hamman ya gangara bakin kogi, ya tarar da Umara yana kwance kwalekwale.

"Nawa suka rage?"

"Ko ɗaya, Kawu."

Tsohon ya matsa gefe, ya miƙo masa filafili. "Shigo. Ma'u na bukatar abinci."

Darasi: Kashin kifi da ragowar abinci suna taruwa su zama gubar da ido ba ya gani, wadda masanan yau ke kira naitiret, maganinta rage tsohon ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Kada ka raina wanda ya daɗe a sana'a don tufafinsa ba su kai naka ba. Ku tura wa duk mai kiwon kifi da kuka sani.