Ranar da Rairayi Ya Riƙe Haliru

Akwai wani mai haƙar rijiya a Fammar ta ƙasar Kibiya, ana ce masa Haliru. A shekarun da Turawa ke shirin tattara nasu ya nasu su bar mana ƙasa, daga Kibiya har Rano babu wanda ya kai shi suna a wannan sana'a. Ƙato ne, ga ƙarfi ga zafin nama. Abu ɗaya ne bai iya ba, kuma bai nemi ya iya ba: zama wuri ɗaya.

Ko a masallaci, kafin liman ya rufe baki daga sallama, Haliru ya sa takalmi.

Gwaggonsa Barira ce ta raine shi tun yana maraya. Ita kuwa in ta idar da salla takan zauna a kan buzunta, ta sauke kafaɗu, leɓenta na motsi a hankali. Ta sha ce masa, "Haliru, zauna ko na tsawon shan fura ne. Ka ambaci Allah, ka saurari numfashinka."

Sai ya yi dariya. "Gwaggo, wannan ai aikin waɗanda gwiwa ta ƙare wa ne. Ranar da na tsufa zan zo ki matsa min a buzun."

"Allah ya sa ka kai," in ji ta.

Wata bazara rijiyoyin gari suka ƙafe. Mai unguwa ya sa Haliru haƙa sabuwa a bayan gari. Shi yana ƙasa da dagi, abokin aikinsa Alu yana sama yana jan kwando.

Da aiki ya yi zurfi, Alu ya leƙa ya ce, "Haliru, abin da nake zubarwa fa ya daina zama jar ƙasa, rairayi ne. Fito mu tokare gefen da itace."

Haliru ya ji labarin ma'aikatan En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, masu rijiyar siminti za su zo daga Rano, ya kuma rantse sai dai su tarar ana shan ruwan tasa. Ya ce, "In tsoro kake ji, je gida matarka Lami ta goya ka. Miƙo kwando!"

Hantsi bai gama dubawa ba, ya ji wani sauti a bayansa, kamar ana zazzage buhun gero. Kafin ya juya, gefen rijiya ya zabtare.

Da ƙura ta lafa, ya tsinci kansa a binne har ƙirji. Hannun hagu yana cikin ƙasa, na dama ne kaɗai a waje. Ya ɗaga kai. Bakin rijiyar ya koma kamar faifai, can nesa.

Ya kurma ihu. Rairayi ya zubo. Ya sake yin ihu, ya sake zubowa.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, duk lokacin da ya fitar da numfashi da ƙarfi, ƙasar sai ta matso ta cike gurbin. In ya zo ja, babu wuri. Ƙasar da ya yi shekaru yana sara, yau ita ce ta rungume shi, tana matsewa a hankali ba ta sauri.

Gari ya taru. Aka jefa masa igiya ya damƙe, maza suka ja. Ya ji ƙugunsa zai rabu da jikinsa, igiyar kuma ta goge gefe, wani rairayin ya sauko har hammata.

"Ku bari!" in ji mai unguwa. "Sai dai mutum ya sauka ya tone shi da hannu."

Alu ya ɗaura igiya a ƙugu, amma mai unguwa ya riƙe shi. "In ka sauka yana wannan bori, gawa biyu za mu ciro. Sai ya natsu."

Haliru yana jin su. Ya riƙa dukan gefen rijiyar da hannu yana kiran sunayen 'ya'yansa. Duhu, zafi, warin ɗanyar ƙasa a hanci. Ya tuna mutanen da ya taya sakawa a kabari. Ashe haka wurin yake.

Sai hasken sama ya ragu. Wani kai ya leƙo.

"Kai Haliru! Rufe mana baki!"

Gwaggo Barira ce. Ta kori mata masu kururuwa baya, ta kwanta rubda ciki a bakin rijiya, da tsufanta.

"Gwaggo, ki cece ni!"

"Ni wace ce da zan cece ka? Ce La'ilaha illallah."

Jin haka sai ya ƙara rikicewa. Ya san wanda ake tsugunawa a kansa a faɗa wa wannan kalma. "Wayyo! Shahada kike laƙƙana min? Kun gama da ni ke nan? Alu! Alu, ka ji ta!"

Rairayi ya gangaro ya taɓa masa wuya.

"Ka ga sakarai," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba. "Kalmar da mutane ke kwana da ita suke tashi da ita, kai ka ajiye ta sai ranar likkafani. Ba sallamarka nake yi ba. Bar ta, ta yi maka nauyi yau. Ce Allah kawai. Ka iya wannan?"

"Na... na iya."

"Sauke hannun nan, shimfiɗa shi a ƙasa. Daina kallon sama, babu abin da zai fito da kai a nan. Me ke gaban idonka?"

"Wata 'yar tsakuwa."

"Zuba mata ido. Rufe baki, ja iska ta hanci kaɗan, kamar kana sansana miya mai zafi. In za ka sake ta, sake ta a hankali, ka ce Allah a ciki."

Ya gwada. Na farko ya sarƙe. Na biyu ma haka.

"Ba na iyawa, Gwaggo. Tunanina guduwa yake yi. Yara nake gani."

"Dole ya gudu, yau ka fara ɗaure shi. Akuya ce. Kada ka bi ta da sanda, jawo ta kawai ka mayar turke. In ta sake tsinkewa ka sake jawo ta. Mu je. Allah."

"Allah."

"A hankali. Ba tsere muke ba."

Haka suka yi ta yi, ita a sama shi a ƙasa. Tsoron bai tafi ba, yana nan zaune a ƙirjinsa. Amma hannunsa ya daina duka, rairayin kuma ya daina zuba. Ya lura ɗan numfashin da yake ja ya ishe shi.

Mai unguwa ya saki Alu.

Alu ya sauka da ƙoƙo, ya dira a hankali, ya fara kwashe ƙasa yana zubawa a kwando. Kafaɗa ta fito. Hannun hagu ya fito. Tono ya kai cikinsa.

Sai wani curin ƙasa ya ɓalle daga sama ya faɗo wa Alu a gadon baya.

"Ku ja ni! Ku ja ni!" Alu ya yi ƙara. Igiya ta miƙe, ƙafafunsa suka bar ƙasa.

Idon sawun Alu yana daidai fuskar Haliru. Hannuwansa biyu yanzu a sake suke. Duk wata gaɓa ta jikinsa cewa take ya cafke ƙafar nan, kada a tafi a bar shi. Ya kuma san in ya cafke, Alu zai yi shure-shure, gefen zai rufto a kansu duka.

Yatsunsa suka ɗaga da kansu. Ya mayar da su ƙasa, ya danne. Ya nemi 'yar tsakuwar bai gan ta ba, ƙasa ta rufe ta. Ya zaɓi wata. Ya ja iska ta hanci.

"Allah," in ji shi. "Allah."

Alu yana lilo a igiya, ya ji muryar. Ya dubi mutumin da ke binne har ciki, wanda bai ko taɓa masa ƙafa ba. Ya daɗe yana haki. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ku sassauta. Ku mayar da ni."

Rana ta karkata kafin a ciro Haliru. Ƙafarsa ta hagu ta murƙushe, da ita ya yi ta ɗingishi har ƙarshen ransa, bai kuma sake shiga rijiya ba. Amma ya fito da rai, Alu ma haka.

Da aka kwantar da shi a inuwa, ya ce a kira masa Gwaggo. Aka juya, tana nan kwance a bakin rijiya. Ta kasa tashi. Sai da mata suka ciccibe ta, ashe ta ciji leɓe har ya fashe.

Haliru ya dube ta. "Gwaggo, ashe ke ma kin ji tsoro?"

"Ni na goya ka, ɗan banza. Tun da aka zo min da labari tsoro bai sake ni ba." Ta goge jinin da gefen mayafi. "Wa ya ce maka mai zikiri ba ya jin tsoro? Ji yake yi. Ba ya dai miƙa masa igiya."

Darasi: Natsuwa koyonta ake yi, kuma tun kana da lafiya, ba sai ƙasa ta kai maka wuya ba. Ba a ce ka shiga halwa ba, ba a ce ka kwana kana jan carbi ba. In ka idar da salla kada ka zabura. Zauna kaɗan, sauke kafaɗa, ajiye ido wuri ɗaya, ja numfashi ta hanci, ka ambaci Allah da kalmar da ta yi maka sauƙi. In tunani ya gudu, dawo da shi ba da faɗa ba. Gobe ka sake. Wanda ya ce ba shi da lokaci, ya sani ba kowa ne ake leƙowa a koya masa a ƙasan rami ba. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku masu tashi kafin a shafa fatiha, su karanta su gyara.