Suman Ƙaryar Matar Mai Aski

Akwai wata tela, matar wani mai aski, da ke zaune da mijinta a hawan sama na wani benen haya. Ɗaki ne da falo, sai ɗan kicin, sai baranda inda ta ajiye keken ɗinkinta. Maƙwabta Mai Littafi suke ce mata, domin in ka gan ta ba ta karatu, to wayarta ce ba caji.

Littattafan soyayya take karantawa da na almara. Irin waɗanda yarima ke hawa doki mai fiffike ya je ya ƙwato masoyiyarsa daga fadar aljanu, ko attajiri ya tayar da asibiti guda don matarsa ta yi tari. Jingina wayar take yi a jikin keke, ƙafa na takawa, ido na kan labari. Akwai ranar da ta ɗinke wuyan rigar wata mata ruf, sai da mai rigar ta zo gwadawa ta rasa ta inda za ta fito da kai.

Ni dai ban ga laifin karatu ba, jama'a, ni ma ina taɓawa. Matsalar ta fara ne da ta shiga auna mijinta da mazan cikin littafi.

Shi kuwa mai askin nan mutum ne shiru-shiru. Da safe ya fita shago, da rana ya dawo ya ci abinci, da yamma ya dawo da leda a hannu. In ta yi kwalliya, iyakarsa ya ce, "Ya yi." In ta ce ba ta jin daɗi, sai ya miƙo magani da ruwa. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma kuma bai taɓa ce mata ita ce hasken idonsa ba, kuma wannan ne ke cin ranta.

Sai ta kai ƙorafi guruf ɗinsu na masu karatu a waya. Shugabar guruf ɗin, wadda suke kira Anti Soyayya, ta turo mata saƙon murya.

"Ke ƙanwata, namiji sai da gwaji. Ba ki gani a littafi ba? Faɗuwa za ki yi ki sume. In ya sungume ki yana ihu yana kiran sunanki, to yana son ki. In ya tsaya yayyafa miki ruwa kamar mai ban ruwan fulawa, kin san matsayinki."

Ita Anti Soyayyar nan, ba wanda ya taɓa ganin nata mijin. Amma Mai Littafi ba ta tsaya tunanin wannan ba.

Washegari da rana, tana jin takun mijin a kan bene, sai ta kwanta a tsakiyar falo. Har da gyara ɗankwali, har da yar da almakashin ɗinki a gefe don abin ya yi kama da gaske. Ta rufe ido, zuciyarta na ɗoki.

Ƙofa ta buɗe. Ta ji ledar hannunsa ta faɗi.

"Innalillahi! Ke! Ke, tashi mana!"

Ya jijjiga ta, ta saki jiki. Ya kira ta da muryar da ba ta taɓa ji a bakinsa ba, murya mai rawa. Bai nemi ruwa ba, bai nemi takalmi ba. Sungumar ta ya yi gaba ɗaya ya yi waje, yana cewa, "Kar ki yi mini haka. Don Allah kar ki yi mini haka. Wa zan tarar a gida?"

Daɗi ya cika ta. A ranta ta ce bari ta ƙara ɗan lokaci, sai sun kai ƙasa ta buɗe ido a hankali kamar yadda ake yi a littafi.

Abin da ba ta sani ba, maƙwabciyarsu ta hawan tsakiya ta wanke matakala da ruwan sabulu, bai bushe ba.

Santsi ya kwashe shi. Ta ji sun tafi baya, sannan gefe, sannan ƙara. Kanta ya nufi gefen matakalar siminti gadan-gadan, amma bai bugu ba. Wani abu mai laushi ne ya shiga tsakani, kuma ta ji abin ya yi ƙas.

Ta buɗe ido da ihu na gaske. Hannunsa na dama ne a ƙarƙashin kanta. Tsintsiyar hannun ta juya inda hannu ba ya juyawa, yatsu biyu sun kwanta ta baya.

Ta ɗago kai ta ƙura wa hannun ido. Shi kuwa ko kallon hannun bai yi ba. Fuskarta yake dubawa, gumi na zuba.

"Kin farfaɗo? Alhamdulillahi. Kin gane ni? Kanki bai bugu ba ko?"

A asibiti ma sai da aka yi rigima da shi. Likita ya ce a wuce da shi hoton ƙashi, mai askin ya ce shi ba inda za shi sai an duba matarsa.

"Likita, suma ta yi. Haka kawai na tarar da ita a ƙasa. Ni hannu ne, zai jira."

Aka auna jininta, aka saurari zuciyarta, aka haska idonta. Likita ya ce lafiyarta ƙalau, wataƙila gajiya ce. Ta gyaɗa kai kamar haka ne.

Aka yi masa aiki aka ɗaure hannun cikin filasta, shago ya zauna a rufe. Nan ne Mai Littafi ta fara ganin abin da ba ta taɓa gani ba. Ruwa ya ƙare a randa, ta tsaya tana mamaki, domin ita a saninta randar nan ba ta ƙarewa. Ashe shi ke hawo da jarkoki kafin ya fita. Keken ɗinki ya fara ƙugi, ashe shi ke ɗiga masa mai. Hatta wayar da take karatun, ashe in ta yi barci ta bar ta a kan kujera, shi ke jona mata caji.

Abin da ya fi ƙona mata rai, bai bar ta ta yi aikin cikin sauƙi ba. Ta ɗauki jarka, sai ya taso da hannu ɗaya.

"Ajiye. So kike ki sake faɗuwa?"

Surukarta ma ta zo dubiya. Maimakon ta zauna kusa da ɗanta, gefen Mai Littafi ta zauna tana shafa mata baya.

"Sannu 'yata. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kin ji? Hannu zai warke, ke dai Allah Ya tsare mana ke."

Wallahi da zagin ta tsohuwar ta yi, da ya fi mata sauƙi.

Ranar da aka cire filasta, likita ya juya hannun, ya ce ya dunƙule. Yatsu uku suka dunƙule, biyu suka ƙi. Ya ce jijiya ta taɓu, kuma ba ya so ya yi masa alkawarin da ba zai cika ba. Babban yatsa ne da manuni, wato su ne masu riƙe almakashi da reza.

Da suka dawo gida, ta same shi a baranda ya ɗauki almakashinta yana ƙoƙarin buɗewa da rufewa. Almakashin ya suɓuce ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Da ya ga tana kallon sa sai ya yi murmushi.

"Kar ki damu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gara hannun da kanki."

Nan ta zube a gabansa.

"Maigida, ba tsautsayi ba ne. Ban suma ba. Wallahi ban suma ba. Gwada ka na yi, in ga ko kana so na."

Ya kalle ta kamar ba da shi take ba. Ta sake faɗa, ta kawo labarin guruf, da saƙon muryar, da gyaran ɗankwali, ba ta rage komai ba.

"Idonki biyu?"

"Eh."

"Da na ɗauke ki, kina ji na?"

"Ina ji."

"Duk abin da na faɗa a kan benen nan, kina ji, kika yi shiru?"

Sai ta fashe da kuka. Ta jira ihu, ta jira ya ce ta tattara kayanta. Bai yi ko ɗaya ba. Ya kalli hannunsa, sannan ya yi magana a hankali.

"Da kin tambaye ni. Ni ban iya magana ba, gaskiya ne, amma da kin zaunar da ni kin tambaya, da na lalubo abin faɗa."

Ya ja numfashi.

"Na yafe miki, kuma Mama ba za ta ji wannan daga bakina ba. Amma ki sani, ba yatsun ne suka fi yi mini ciwo ba. Ina tsoron ranar da za ki faɗi da gaske, zuciyata ta tsaya tambaya ko wani gwajin ne."

Ya koma shago, ya koyi riƙe injin aski da hagu. Wasu masu zuwa aski suka haƙura da shi, wasu suka canza wuri. Ita kuma ta fita daga guruf ɗin, amma ba ta daina karatu ba. Yanzu da yamma a baranda take karanta masa a fili, tana murza masa yatsun da man zafi. In an zo wurin yarima mai doki, sai ya ce, "Shi wannan, wa ke ɗebo ruwa a gidansa?" Su yi dariya. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin zaman gidanta irin na wannan lokacin ba.

Bayan wasu watanni ta samu ciki. Wata rana ta miƙe daga kan keke, jiri ya kwashe ta, ta faɗi a kan gwiwoyinta. Wannan karon ba wasa. Idonta na dishi-dishi ta hango shi a bakin ƙofa.

Ya tsaya. Tsayuwar ba ta wuce ƙiftawar ido ba, sannan ya rugo ya tallabe ta yana salati. Amma ta gani, shi ma ya san ta gani.

Da ta dawo hayyacinta, shi ne ya fara cewa, "Ki yi haƙuri."

Ta riƙe hannun nan mai yatsu biyu a sandare ta ce, "Ni ce da ban haƙuri. Ni na koya maka."

Darasi: Littafi na nishaɗi ne, a karanta a ji daɗi, amma kar a ɗauko ma'auninsa a auna mutumin da ke gida. Wani son ba ya da baki, a randa cike da ruwa yake, da maganin da aka miƙo, da mutumin da ke dawowa kullum. In kina shakka, ki tambaya. Kar ki gwada zuciyar da ta yarda da ke, garin neman gira a rasa ido. Ku tura wa 'yan uwa masu karatu da masu ba da shawara a guruf, ko Allah Ya sa wata ta tsaya kafin ta kwanta a tsakiyar falo.