Takardar Munkaila da rijiyar Bazaga

Akwai wani mutum a Bazaga mai suna Munkaila. In ka zauna majalisarsa sai ka rantse shi ke riƙe wa shugaban ƙasa buta.

A shekarar 1972 ruwa ya yi wuya. Munkaila ya wayi gari ya ce rijiyar da ke gefen gonarsa tasa ce, alhali gayya aka yi aka haƙa ta, manoma da makiyaya. Wani makiyayi, Jaje, ya kai ƙara Ƙonni. Alƙali ya yanke: rijiya ta jama'a ce.

Munkaila ya hau motar siminti a Malbaza, ya ɓace mako guda. Sai ga shi ya dawo da takarda cikin aljihu, ya kewaye rijiya da ƙaya.

"Daga Yamai nike," in ji shi. "Tare munka ci tuwo da shugaba. Ya ce, Munkaila, shari'ar Ƙonni na soke ta. Ga hannunai, ga tambari."

Takardar da Faransanci take, kuma daga nesa yake kaɗa ta. Mutane suka tsorata, don wa ke son jandarma a ƙofar gida?

Kwana uku shanun Jaje na kuka a bayan ƙaya. A na ukun wata saniya mai ciki ta durƙushe, ta kasa tashi. Jaje ya zo bakin rijiya a fusace, gari ya taru. Cikinsu har da Malam Ɗanbaba, tsohon tafintan kotu.

"Munkaila, ka ji tsoron Allah," in ji Ɗanbaba. "Na tsufa gaban alƙalai. Tsarin mulki ya ba shugaba ikon yin afuwa ga wanda anka ɗaure. Bai ba shi ikon kwance shari'a don abokin tuwonai ba. Kawo in karanta."

"Baba, ba kowane hannu ka taɓa takardar shugaba ba."

Sai Munkaila ya juya ga Jaje, wanda ya san bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Ya manna masa takardar a hanci.

"To kai, malamin shanu, karanta muna!"

Jaje ya ƙura mata ido. Sannan ya buɗe jakar fatar da ke wuyansa, ya zaro wata takarda ya ɗaga kusa da ita. Launi ɗaya, layi ɗaya, tambari ɗaya.

"Ni ban iya karatu ba," ya ce. "Amma wagga na san ta. Likitan dabbobi ka ba da ita ranar allurar shanu. Goma gare ni. Kai, marar kunya! Don takardar allura saniyata ka mutuwa?"

Ɗanbaba ya fizge takardar Munkaila, ya karanta da ƙarfi: "Sa guda, baƙi, na Munkaila, an yi mai allura." Ya ɗago kai. "Ashe da likitan shanu kunka ci tuwon?"

Babu wanda ya yi dariya. Mata ne suka fara janye ƙaya, Jaje ya ruga da guga wajen saniyarsa.

Darasi: Shugaban ƙasa kansa yana da iyaka, doka ce ta shata masa ita. Wanda bai san iyakar nan ba, kowane maƙaryaci zai kore shi daga haƙƙinsa da sunan shugaba. Ku tura wa 'yan'uwa, kada a sake tsorata wani da takardar allura.