Ranar da Yalwa Ta Goya Ludayi

Dalilin da ya sa kyanwa ba ta goyo, sai dai ta kama ɗanta da baki a ƙeya ta yi ta yawo da shi yana reto kamar tsumman wanki, shi zan gaya muku yau. Ku matso kusa. Kai mai majina, share tukuna, labarin ba gudu zai yi ba.

A da can, kyanwa goyo take yi kamar uwar kowa. Ta ɗora ɗa a baya, ta kawo majanyi ta tamke, ta yi ƙulli a ƙirji. Kada ku tambaye ni inda take samun majanyin, ni ma ban tambaya ba.

To, a gidan wata tsohuwa mai fura da ake kira Inna Tasalla, akwai wata kyanwa mai suna Yalwa. Ɗa ɗaya tak Allah ya bar mata, kuma ɗan nan bai zo duniya don ya zauna ba. Duk abin da ke da baki sai ya leƙa shi, duk abin da ke da rami sai ya tsoma kai. Har sunan da aka raɗa masa ya ɓace, kowa Leƙau yake ce masa.

Ya leƙa murhu, gashin bakinsa na gefe guda ya ƙone ya nannaɗe. Ya leƙa randa ya faɗa ciki tsundum, sai da Inna Tasalla ta kwaso shi da moɗa. Ya shaƙi garin yaji ya wuni yana atishawa. Ya haɗiyi zaren ɗinki, uwar ta yi ta ja, zare ya yi ta fitowa, har ta fara tunanin ko ɗan nata da zare aka saƙa shi. Rannan kuma a bakin tarkon ɓera ta tsince shi, yana taɓa ɗan ƙulin da aka saƙala a ciki.

"Leƙau, me kake nema ne a duniyar nan?" in ji Yalwa.

"Inna, gani kawai zan yi."

"Ka gani ka yi me?"

"In na gani sai in sani."

Yalwa ta kife shi da kwando kamar ɗan tsako, ya tona ƙasa ya fita. Ta sa shi a cikin tsohon takalmi, ya tafi da takalmin. Daga ƙarshe ta ce ta gano magani: goyo. Daga safe har yamma yana bayanta, ƙulli a kan ƙulli.

Sai dai ita ma Yalwa tana da nata ciwon. Surutu. In ta haɗu da ƙawarta, wata kaza da ake kira Wake-wake saboda zanen jikinta, ko rufin ɗaki ya faɗo ba za ta waiwaya ba.

Wata safiya suka haɗu a gindin danga, daidai inda Inna Tasalla ke kife ƙoren fura su sha iska. Wake-wake ta kawo labari da ɗumi-ɗuminsa, wai agwagwar maƙwabta ta kwanta a kan ƙwan zabo ba ta sani ba.

"Ke dai bari, ƙawata! Uwa guda ta kasa gane nata?" in ji Yalwa. "Ni ko a cikin duhun rumbu aka ajiye nawa, na san shi."

Tana wannan cika bakin, Leƙau yana baya yana mutsu-mutsu. Ya tsuke ciki, ya zare ƙafa ɗaya, ya zare ɗayar. Da ya ga majanyin zai saki a gane, sai ya miƙa hannu ya jawo ludayin Inna Tasalla daga kan ƙwarya, ya cusa shi a gurbinsa, kan ludayin a sama, mariƙin yana leƙowa ta ƙasa. Ya sulale ya tafi ganin duniya.

Ludayin nan kuwa ba ƙaramin ludayi ba ne a wurin Inna Tasalla. Na duma ne, ya tsufa har ya yi ja, ya taɓa tsagewa ta ɗinke shi da kanta. Ba ta dama fura da wani in ba shi ba.

Hira ta yi nisa, sai Yalwa ta ɗan girgiza baya ta ce, "Kin ga yau ɗan naki ya yi hankali. Ko motsi."

Wake-wake ta karkata kai ta duba da ido ɗaya, ta juya ta duba da ɗayan. "Uwar Leƙau, wutsiyarsa fa ta sandare."

"Barci yake."

"Kansa kuma ba gashi."

"Wane irin ba gashi?"

"Sumul. Har yana ƙyalli."

Yalwa ta kwance majanyi, ta sauke goyo, sai ga ludayi. Ta dube shi. Ta dubi kaza. Ta sake duban ludayi. Ku a nan kun san abin da ya faru, don na gaya muku. Ita ba wanda ya gaya mata.

"Ni da hannuna na goya shi," in ji ta. "Ƙullin nan ban kwance ba sai yanzu. To in ba shi ba ne wannan, wane ne?"

"Shi ne mana," in ji Wake-wake, wadda ba ta taɓa rasa amsa ba ko da ba ta san tambayar ba. "Rikiɗa ya yi. Ba kullum yana lasar ludayin fura ba? Na sha faɗa a raina, yaron nan wata rana sai ya zama abin da yake lasa."

Yalwa ta shinshina ludayin. Ƙanshin Leƙau ne a jikinsa, tun da ya rungume shi kafin ya cusa. Ta ga ɗinkin da ke gefe, ta ce, "Wayyo, ga ma zaren da ya haɗiya ya fito ta kunne!"

Ta fashe da kuka. "Leƙau, ɗan Inna, yi magana. Ko atishawa ce yi mini."

Ludayi dai ludayi ne.

"Kada ki tsaya kuka," in ji Wake-wake. "Kai shi wuraren da ya saba ɓarna. In ya ji ƙanshinsu, halinsa zai taso, ya dawo."

Haka Yalwa, wadda ta ƙare ƙarfinta wajen raba ɗanta da murhu, ta ɗauki ludayi ta kai shi bakin murhu da kanta. "Ga wuta, Leƙau. Leƙa. Yau na yarda." Gefen ludayi ya fara baƙi, ta fizge shi tana hura masa iska tana ba shi haƙuri. Ta kai shi bakin randa ta tsoma, ya taso yana yawo a kan ruwa.

"Kin gani?" in ji kaza. "Ya ma koyi iyo. Rikiɗar nan ba duka ce asara ba."

Ta kai shi gaban tarkon ɓera, bai ko kalli ƙulin ba. A nan ne ta fid da rai. Ta mayar da shi baya ta tamke, tana cewa ko ludayi ne ko ƙwarya, ita ta haife shi.

Shi kuwa Leƙau na gaske, ya zaga gida ya leƙa abin da zai leƙa, har ya iso gindin turmi. Bai taɓa ganin cikinsa ba. Ya taka buhu ya hau, ya leƙa, ya zame ya faɗa. Ciki da santsi, ya yi ta yunƙurin fita ya kasa. Ga ɗumi, ga ƙanshin gero. Ya naɗe ya yi barcinsa.

Inna Tasalla tana da al'ada guda da ba ta taɓa tsallakewa. Kafin ta zuba hatsi a turmi, sai ta karkata shi, ta leƙa, ta sa hannu ta share, don kunama ko ɗan tsako. Amma ranar hankalinta ba ya jikinta. Ta ɗaga ƙore, ta leƙa bayan randa, ta zazzage kwando.

"Ni Tasalla, ina ludayina? Yanzun nan na kife shi. Ƙafa ya yi?"

Tana mita ta ɗebo gero, idonta na can kan danga, ta juye a turmi ba ta duba ba. Ta yayyafa ruwa don surfe. Ta jawo taɓarya.

A cikin turmi, ƙurar gero ta shiga hancin mai barci.

"Tsii!"

Inna Tasalla ba ta ji ba, mitarta ta fi atishawar ƙarfi. Amma Yalwa ta ji. Atishawar nan ta san ta tun ranar yaji. Ta tsaya cak.

"Ƙawata, ya yi atishawa!"

"Alhamdu lillahi, ya fara dawowa."

"Amma ba daga bayana ta fito ba. Daga turmi ta fito."

"To, jikinsa na nan, muryarsa na can. A hankali za su haɗu."

Yalwa ta waiga baya, ga ɗa. Ta dubi turmi, ga muryar ɗa. 'Ya'ya biyu gare ta? Ko rabi da rabi? Kanta ya ɗaure tam. Sai ta ga taɓarya ta tashi sama, ta kuma ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin gero tana cewa, "Inna, wa ya rufe ni?"

Ba ta ƙara tunani ba. Ta yi tsalle ɗaya ta faɗa turmi da goyonta. Ciki matsattse, ba wurin kwance majanyi, ba wurin sabon goyo, ƙafafu huɗu kuma duk na hawa ne. Abin da ya rage mata baki. Ta tsoma shi cikin gero, ta cafko ƙeyar Leƙau, ta yunƙuro.

Taɓarya ta sauko. Inna Tasalla ta ga abu ya gifta, ta yi salati ta karkatar da hannu, amma bakin taɓarya ya sami abin da ke bayan Yalwa. Ƙwas! Ludayi ya tarwatse, majanyi ya tsinke ya zube cikin gero. Yalwa ta dira a ƙasa da ɗanta a baki, ba abin da ya same su sai ƙurar gero a gashi.

Wake-wake ta ga gutsattsarin duma a warwatse, ta ɗora fiffike a ka. "Wayyo Leƙau! An daka Leƙau! Jama'a ku fito!" Sai ta hangi wanda ke reto a bakin Yalwa. "To wannan kuma wane ne? Uwar Leƙau, yaushe kika sake haihuwa?"

Inna Tasalla ta tsuguna ta ɗauki mariƙin ludayi tana juya shi. "Ludayina ne wannan. Me ya kai shi bayan kyanwa? Me ya kai kyanwa turmi? Wa ya ƙona masa gefe?" Ba wanda ya amsa mata, har ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Yalwa ta so ta yi bayani, don bakinta na ƙaiƙayi. Amma in ta buɗe baki, ɗa zai faɗi, kuma ta san ƙafarsa na taɓa ƙasa rijiya zai nufa, ita kaɗai ce bai leƙa ba. Ta dubi gutsattsarin ludayin nan, ta tuna a inda yake ɗaure. Ta ƙara damƙe ƙeyar.

Shi ma Leƙau ya ga gutsattsarin. Ya naɗe ƙafafu, ya lanƙwashe wutsiya, ya yi laƙwas.

"Inna," ya ce a hankali, "na ga cikin turmi."

"Mmm," in ji Yalwa.

"Ba komai a ciki."

"Mmm."

"Uwar Leƙau, magana fa nake miki!" in ji kaza. "Wanne ne na gasken?"

Yalwa ta wuce ta gabanta ba ta tanka ba, ta kai ɗanta bayan rumbu. Da ta ga lauje a rataye a wurin, ta ɗauke shi ta kai ƙarƙashin gado. Can ma ta ga allura a ƙasa, ta sake ɗauka.

Shi ya sa har wa yau kyanwa ba ta yarda da bayanta ba. A baki take ɗaukar ɗa, inda idonta ke ganinsa, hancinta ke jinsa, surutu kuma ba shi da hanyar fita. Ɗan ma da an kama ƙeyarsa sai ya yi laƙwas, ya tuna ludayi. Kaza kuwa, ku lura da ita in kyanwa ta wuce da ɗa a baki. Za ta karkata kai ta duba da wannan ido, ta juya ta duba da wancan. Har yanzu ba ta gane wanda aka daka ba.